Tambayoyin Masu Karatu: Asalin Agogon Casio da Abin da Ke Kashe Shi a Maraɗi

Wasiƙun wannan karon sun fi yawa a kan agogon hannu, kuma kusan duk a kan Casio suke, musamman ɗan baƙin nan na roba da ake gani a hannun ɗalibi da ɗan kabu-kabu da ladan. Mun haɗe tambayoyin da suka yi kama da juna, masu tsawo kuma mun rage su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a unguwar Zariya. Gardama ta kaure a majalisarmu, wasu sun ce Casio kamfanin Caina ne shi ya sa agogonsa ke da araha, wasu sun ce na Japan ne. Su wa ke da gaskiya? Kuma me ya haɗa agogona da kalkuletar ɗalibaina har suna ɗaya ke jikinsu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ƴan ɓangaren Japan su ne da gaskiya. Kalkuletar ɗalibanka kuwa ta girmi agogonka a gidan, da ita kamfanin ya yi suna, daga cikinta ne ma agogon ya fito.

A watan Afrilun 1946, Japan ba ta gama farfaɗowa daga yaƙin duniya na biyu ba, wani maƙerin injina mai suna Tadao Kashio ya buɗe ɗan shagon ƙira a Mitaka, cikin yankin Tokiyo. Ƙwadago yake karɓa daga manyan masana'antu, yana yi musu ƙananan sassan ƙarfe. Daga baya ƙannensa uku, Toshio da Kazuo da Yukio, suka shigo sana'ar. Abin da ya fara kawo musu kuɗi wani zobe ne mai ɗan bututu da ake soka sigari a ciki, ma'aikaci ya sha har ƙarshen kara hannunsa yana kan aiki, domin a lokacin ba mai iya yar da guntun taba. Ribar zoben nan suka zuba a neman na'urar lissafi, bayan sun ga irin ta ƙasashen waje a wani baje koli a Ginza a 1949. Waɗancan da haƙoran ƙarfe suke juyawa, ga ƙara ga nawa. Toshio, wanda shi ne mai ƙirƙira a cikinsu, ya nace sai an yi lissafin da lantarki zalla. Sai 1957 haƙarsu ta cim ma ruwa da na'urar 14-A, mai makunnai 342 irin na tsoffin cibiyoyin tarho, girman teburin ofis, nauyinta kilo 140, kuɗinta yen 485,000. A watan Yunin shekarar aka kafa kamfanin Casio Computer, suka ɗora mahaifinsu Shigeru a kujerar shugabanci.

Inda suka koyi araha shi ne gasar da aka tafka a Japan daga ƙarshen shekarun 1960, lokacin da kamfanoni suka rufu a kan kalkuleta kowa yana karya farashi. A 1972 suka fitar da Casio Mini a kan yen 12,800, kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin irinta. Sun rage lambobin fuskarta zuwa 6, sun cire duk abin da magidanci ba ya bukata, suka buga ta da yawa, cikin wata 10 aka sayar da miliyan ɗaya. Ka riƙe wannan dabara, Malam, domin ita ce dai suka kawo wa agogo.

Hanyar agogon kuwa wani kamfanin Japan ne ya share ta. Ranar 25 ga Disamban 1969 Seiko ya fitar da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da kwaz, ma'adinin nan da ake rubuta QUARTZ saboda shi a fuskar agogo. Yen 450,000 aka sa masa, kuɗin ƙaramar mota a lokacin. A agogon yau, ɗan mitsitsin kwaz ne ake yankawa mai baki biyu, in lantarki ya ratsa shi sai ya riƙa kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa. Ƙwaƙwalwar agogo ta raba wannan adadi biyu, ta sake rabawa, har sau 15, sai ya koma bugu ɗaya a daƙiƙa. Abin da ya saura tarawa ce kawai: 60 ta ba da minti, 60 ta ba da awa, 24 ta ba da kwana. Ga mutanen da suka shekara ashirin suna ƙera na'urar tarawa, wannan aikin gida ne. A Nuwamban 1974 suka fito da Casiotron, agogon lambobi da ke sanin wata mai kwana 30 da mai 31 da kansa. Shi ma ba araha gare shi ba, yen 58,000 ne. Farashin ya sauko ne da suka bar ƙarfe suka koma zuba jikin agogo da roba. A 1980 agogonsu mai kalkuleta ya fito, a 1983 G-Shock mai jure duka, a 1989 kuma F-91W, ɗan baƙin nan na roba, wanda ake bugawa har yau kusan yadda aka fara shi. Wannan guguwa ta kwaz ta girgiza Suwizalan, inda masu aikin agogo suka ragu daga wajen 90,000 a 1970 zuwa wajen 30,000 a tsakiyar shekarun 1980, har su ma suka fito da nasu na roba, Swatch, a 1983.

To in an tambaye ka dalilin arahar F-91W, ka ce babu abin da ke juyawa a cikinsa. Allon lambobi ne, da ɗan faifan lantarki, da kwaz, da batir, da madanni uku, da murfi mai kusa huɗu. Kuɗin tsara shi ya daɗe da fita, kuma miliyoyi ake bugawa duk shekara.

Tambaya: Na sayi F-91W jika biyu ta sefa a bakin Babbar Kasuwa. A bayansa an rubuta Caina ce ta yi, abokina ya ce jabu ne tun da ba Japan aka rubuta ba. Haka ne? Daga wani ɗalibi a Dan Gulbi.

Amsa: Ƙanenmu, hujjar abokinka ba ta tsaya ba, amma muna tsoron hukuncinsa ya faɗa daidai. Casio yana da masana'antu a Caina da Tailan ban da ta Yamagata a Japan, kuma yawancin masu araha na gaskiya daga Caina ko Tailan suke fitowa. Sunan ƙasa ba ya raba gardama. Farashin ne ya ba mu shakka: a Turai ana sayar da wannan agogo wajen Yuro 20, wato kimanin jika 13, kafin kuɗin dako da ribar ɗan kasuwa. Sabo fil a jika biyu, da wuya.

Ga gwajin da za ka yi. Agogon yana nuna lokaci, ka danne madannin dama ka riƙe daƙiƙa 3. Na gaskiya zai rubuta CASIo a fuskarsa. In bai rubuta ba, magana ta ƙare. In ya rubuta, kada ka saki jiki tukuna, masu jabu sun koyi wannan ma. Ka karkata agogon ka dube shi ta gefe da ta ƙasa: lambobin na gaskiya baƙi ne wuluk kuma suna riƙe kamanninsu, na jabu kan dushe ko duk layukan su bayyana a tare ka ga 88:88. Ka juya murfin baya. Ya kamata ka ga 593 a cikin ɗan akwati kusa da F-91W, lambar injin ke nan, kuma rubutun a sassaƙe yake tsaf, ba a dagule ba. Fitilarsa koriya ce ƴar ƙarama a gefen hagu, mai rauni ƙwarai, da kyar take haska rabin fuska. Mutane kan ɗauka raunin nan alamar jabu ne, alhali haka na gaskiyar yake, fitila mai ƙyalli fari ko shuɗi ita ce abin zargi. In kana da sani da maƙerin zinariya, ka roƙe shi ya ɗora maka a sikeli, giram 21 ne.

Gwajin da jabu bai cika tsallakewa ba shi ne na haƙuri. Ka daidaita shi da agogon salula har daƙiƙa, ka bar shi mako guda. Alkawarin kamfanin shi ne kada ya kauce fiye da daƙiƙa 30 a wata, wato kimanin 7 a mako. In ka tarar ya gudu da minti ɗaya ko biyu, ka san abin da ka saya. Shawararmu ga mai saye ita ce a yi gwajin madanni da na karkatawa a gaban mai kaya kafin a miƙa kuɗi, kuma a tambaye shi kai tsaye. Masu tebur da yawa ba sa ɓoyewa, za su ce maka wannan na jika biyu ne, wancan kuma orijina.

Tambaya: Ina gyaran salula a Tasawa, ana yawan kawo mini Casio in sa batir. Wani in na sa sabo sai fuskar ta zauna fayau ba lamba, wani kuma ya tashi amma ƙararrawa ta mutu. Ina nake kuskure?

Amsa: Malam, sannu da aiki. Duka biyun sanannun matsaloli ne, kuma ba agogon ne ya lalace ba.

Fara da batirin. F-91W da ƴan'uwansa masu madaurin ƙarfe, A158W da A159W, duk CR2016 suke ci, volt 3. Lambar tana gaya maka awonsa: faɗi milimita 20, kauri 1.6. CR2025 da CR2032 faɗinsu ɗaya da shi amma sun fi shi kauri, in ka cusa su murfin ba zai zauna ba, zoben roba ya bar kafa, gumi ya shiga. Ka auna sabon da mita kafin ka sa. Mai kyau yakan nuna sama da 3 kaɗan, wanda ya sha rana a tebur wata da watanni kuwa yakan zo a gajiye.

Ka shimfiɗa farin ƙyalle, ka kwance kusoshi huɗun da siririn sukudireba mai bakin kuros, ka ajiye su cikin murfin kwalba don ba a samun irinsu da sauƙi. Kafin ka ɗaga murfin ka lura da inda rubutunsa ya fuskanta. A ƙarƙashinsa akwai zoben roba siriri kwance cikin kwarinsa, ka cire shi a hankali kada ka ja ya miƙe. Batirin yana ƙarƙashin wani kejin ƙarfe mai ƙugiya huɗu da suka kama jikin injin. Da bakin allura ake sakin su ɗaya bayan ɗaya, ba a fizga, domin ƙarfen nan shi ne kuma madannai ke turawa, in ya lanƙwashe madanni ya daina amsawa. Ka sa sabon batir gefen + yana kallonka. Kada ka kama shi sama da ƙasa da hantsakin ƙarfe, haɗa shi ka yi, yana zubar da caji.

Yanzu ga abin da ke barin fuska fayau. Bayan ka mayar da kejin, ka nemi wani ɗan rami da aka rubuta AC a gefensa. Ka sa baki ɗaya na hantsaki a cikin ramin, ɗayan a kan gefen + na batirin, ka riƙe daƙiƙa 2. Wannan ne ke tayar da ƙwaƙwalwar daga farko, sai ka ga 12:00 ta fito. Duk wanda ya tsallake wannan mataki zai riƙa cewa agogo ya mutu alhali lafiyarsa ƙalau.

Ƙararrawa kuwa a jikin murfin baya take, wani faifai ne zagayayye manne daga ciki. Wani ɗan harshen ƙarfe daga injin yake taɓa shi. In an danne harshen ya kwanta, ko an mayar da murfin a juye, ko datti ya shiga tsakani, ba za ta yi kuka ba. A G-Shock da wasu manyan samfura, maimakon harshe wani ɗan sifirin ne da bai kai ƙwayar gero ba, yana zaune kawai cikin raminsa, da ka kifa agogon ya faɗi ba ka sani ba. Shi ya sa muka ce farin ƙyalle. Kafin ka rufe, ka goge zoben roba, ka shafa masa man silikon kaɗan, ba man inji ko basilin ba, su suna kumbura roba. Ka ɗaura kusoshin a gicciye, wannan kusurwa sannan kishiyarta, kuma da ka ji ta tsaya ka tsaya, don cikin roba suke shiga, in ramin ya cinye ba ya gyaruwa da daɗi.

In mai hannaye aka kawo maka, irin MQ-24, batirinsa SR626SW ne, wanda ake rubuta wa 377. Akwai mai araha da girmansu ɗaya, LR626 ko AG4, amma ba ya daɗewa kuma yakan yi yoyo ya cinye ƙarfen ciki. Sannan don Allah tsofaffin batiran nan kada a bar su a ƙasa inda yara ke rarrafe. In yaro ya haɗiye irin mai faɗin nan, yana iya ƙona masa maƙoshi cikin awa biyu, a ruga da shi asibiti nan take, kada a jira ya fita da kansa.

Tambaya: Maigidana ba ya cire agogonsa in zai yi alwala, yanzu ga hazo ya taru cikin gilashin. A jiki kuma an rubuta WATER RESIST. Daga wata uwargida a Tibiri. Wani masunci daga Madarunfa shi ma ya tambayi wanda zai iya shiga tafki da shi.

Amsa: Hajiya, alwala kaɗai ba ta isa ta sa masa hazo ba in zoben robarsa lafiya yake. Wannan rubutu, in ba lamba a gefensa, iyakarsa fantsalin ruwa: alwala, wanke hannu, yayyafi. Abu biyu ne suka fi shigar da ruwa. Ko an canza batir an mayar da zoben a karkace, ko Alhaji yana danna madanni da jiƙaƙƙen hannu, domin kowane madanni yana da nasa ɗan zoben, dannawa kuma tana tura ruwan ciki. Ruwan zafi da sabulu su ma suna gajiyar da roba. Kada a bar hazon ya kwana biyu. A kai a buɗe, a cire batir, a bar injin ya sha iska a inuwa yini guda, a duba zoben, in ya tsage ko ya bushe a canza. Ba a shanya shi a rana, ba a kuma kanga shi a wuta.

Kai kuma Malam masunci, nemi mai rubutun 100M, irin W-800H ko AE-1200WH, batirinsu CR2025 ne da aka yi wa alkawarin shekara 10. Na biyun yana da ƙararrawa har 5, ga mai son ta sahur daban ta asuba daban. In aljihu ya yarda, G-Shock 200M ne. Labarinsa ya cancanci a faɗa: wani injiniyan kamfanin, Kikuo Ibe, agogon da mahaifinsa ya ba shi ne ya faɗi ya tarwatse, sai a 1981 aka ba shi ƙaramar tawaga su nemo agogon da zai jure faɗuwa daga mita 10, da matsin ruwa na mita 100, da batir na shekara 10. Sun yi gwaji sama da 200, suna jefowa daga tagar bene. Mafita ta zo masa ne da ya ga ana wasa da ƙwallon roba, ya gane cewa abin da ke tsakiyar ƙwallo duka ba ya isa gare shi. Sai aka rataye injin a cikin jikin agogon, yana taɓa shi a wurare kaɗan kawai. DW-5000C ya fito a Afrilun 1983, zuwa 2017 kuma an fitar da G-Shock miliyan 100. Sai dai jabunsa yana da yawa, kuma jabu ko an rubuta masa 200M kada ka shiga ruwa da shi.

Tambaya: Agogona na gaskiya ne, amma da bazara yana ja baya kaɗan. Rannan na bar shi kan babur a rana fuskar ta yi baƙi ƙirin. Kuma a 2024 ya tsallake 29 ga Fabrairu. Daga ɗan kabu-kabu a Sabon Gari.

Amsa: Ɗan'uwa, duk ukun halinsa ne, ba ciwo ba. An yanka kwaz ne ya yi daidai a wajen digiri 25. Ko zafi ya ƙaru ko sanyi ya ƙaru, baya yake ja, kuma jan yana ninkuwa: a lissafi, in ya zauna a digiri 35 zai rasa wajen daƙiƙa 9 a wata, a digiri 40 kuwa wajen 20. Zafin Afrilu da Mayu a Maraɗi yana wuce 40, don haka abin da ka gani daidai ne. A hannu ya fi zama lafiya, jikin mutum yana daidaita masa zafi. Baƙin fuskar kuma ruwan da ke cikin allon ne zafi ya rikita, in ya huce a inuwa yakan dawo, amma in abin ya yawaita allon yana dushewa har abada, batir ma yana raguwa. Shekara 7 da aka ce batirin F-91W yana yi, an lissafa ne a kan ƙararrawa daƙiƙa 20 da fitila daƙiƙa 1 a yini, mai yawan kunna fitila ba zai kai ba. In ka danna fitila ka ga lambobi sun dushe, batir ya kusa.

Kalandarsa ba ta san shekara ba, kullum Fabrairu 28 take ba shi. Sai 2028 za ka sake gyarawa da hannu. Danna madannin hagu na ƙasa sau 3, daƙiƙa za ta fara ƙyaftawa. Na hagu na sama yana matsawa zuwa awa, minti, wata, kwanan wata, sannan rana, na dama kuma yana ƙara lamba. In kana kan daƙiƙa ka danna na dama za ta koma 00, amma in ta riga ta kai 30 zai ƙara maka minti ɗaya, ka lura da wannan in kana daidaita shi da salula.

Tambaya: Ruwan zinariyar agogona yana gogewa, na ƙanena kuma madaurin roba ya tsage. Akwai magani? Daga wata ɗaliba a Bagalam.

Amsa: Ƴar'uwa, ruwan zinariyar shafe ne siriri, kuma a irin su A159W da A168W jikin agogon ma roba ne aka yi wa shafe, madaurin da murfin baya ne ƙarfe. In ya goge ba ya dawowa, sai dai a jinkirta shi. Ki shafa turare da mai su bushe kafin ki ɗaura, kada ki haɗa shi hannu ɗaya da awarwaro, ki riƙa goge gumi da taushin ƙyalle da dare, kuma kada a kusance shi da toka ko omo. Madaurin roba shi ne ke fara mutuwa a F-91W, tun kafin batir sau da yawa. Gumi da rana da turare da fetur ne ke busar da shi, ya fara tsagewa daga ramin da aka fi sa ƙugiya. Ba a liƙa shi da gam, ba ya kamawa. Faɗinsa milimita 18 ne, siririn ƙarfe ke riƙe da shi da ake turowa ta gefe da bakin allura. A sayi wani a sa, ko na zare mai faɗin 18 wanda ya fi jure gumi, a riƙa wanke shi da ruwa duk mako lokacin zafi.